Ganyen Rijiyar Mandawari

Shekara talatin da huɗu ina yasa,
Ni Ɗan'azumi, daga Mandawari har Ƙoƙi.
Duk gidan da ruwansa ya soma wari,
Ni ake ɗaura wa ƙugu da igiya.

In ka sauka gaba uku, inda rana
Ke leƙowa sau ɗaya, da azahar, ta wuce,
Akwai wani ganye mai laushin gashin jariri,
Ƙafarsa baƙa, siririya, tana sheƙi,
Ya kafe a tsagar bangon rijiya.

Ban taɓa ganin furensa ba.
Na duba da damina, na duba da bazara,
Ba huda, ba kwanso, ba ƙwaya.

To wa ya shuka?
Tsuntsu ba ya sauka nan.
Babana ya ce, "Na mutanen ɓoye ne, ƙyale."
Na ƙyale. In zan gifta nakan yi sallama
Don a rabu lafiya.

Sai Barira, 'yar ƙanena,
Mai karatun tsirrai a Jami'ar Bayero,
Ta ce in tsinko mata reshe guda.
"Baffa, juya shi, duba baya."

Gefen ganyen ya naɗe kamar kalmasa,
Ƙarƙashinta wani abu ja-ja, na ce tsatsa ce.
Ta kifa shi kan farar takarda ya kwana.
Da safe ga gari, ya fi kwalli laushi,
Ta ce, "Da wannan yake tafiya.

Amma garin ba ya tsiro kamar uwarsa.
In ya faɗa kan damshi sai ya zama
Wani ɗan kore, bai kai farcen yaro ba,
Shimfiɗe, mai siffar zuciya.

A jikinsa akwai na miji, akwai na mace.
Na mijin iyo yake, Baffa, iyo,
Cikin laimar da ba ta cika cokali ba.
In babu ruwa, babu aure."
Nan ta sunkuyar da kai don kunya.

Na ce ashe ɗa ba ya ɗauko uwa,
Jika ke zuwa da fuskar kaka.
Ta yi dariya. Ta ce ba gansakuka ba ne,
Shi yana jan ruwa daga saiwa har tsini,
Kamar mutum, yana da jijiya.

Wai danginsa sun girmi kuka da ɗorawa,
Sun girmi fure kansa.
Waɗansu sun yi tsayin giginya, suka faɗi,
Suka zama gawayi a cikin ƙasa
Tun ba mai hura wuta a duniya.

Bana maigidan ya haƙa burtsatse.
Ya ce in zo in cike tsohuwar da ɓaraguzai,
Yara na wasa kusa, kuma yana da gaskiya.

Na sauka ta ƙarshe da ɗan ƙarfena.
Sabon toho ya fito, a naɗe kamar gammo.
Na ɓamɓaro shi da ƙasarsa, na sa a hula,
Na girgiza igiya.

Yanzu yana gindin randar Tasalla, matata,
Wadda ta tsage, take zufa dare da rana.
Ta ce na kawo mata ciyawa.
Ban tanka ba. Amma na durƙusa da tocila
Na ga ɗan kore a jikin randar,
Ƙarami, bai kai ƙwayar dawa ba,
Shekaranjiya.