Inda Tururi Ke Tuna Shi Ruwa Ne

Ƙarfe biyun dare a Samaru.
Fanka ta gaji, sauro ya karɓi aiki,
ni da kwamfutar sashe muna gadin juna.
A fuskarta na shata lungu tsakanin fikafikan ƙarfe biyu,
na yanka shi ɗaki-ɗaki har miliyan uku,
kowane ɗaki bai kai ƙwayar gero ba,
na ce wa tururi: bismillah, wuce.

Ban taɓa ganin injin nan da idona ba.
A takarda na san shi,
yadda ake sanin kawun da ya daɗe a kudu.

Tururi kan shigo da zafin kai,
ɗan da ya gaji rumbu bai san fari ba.
Yana tura farfela, farfela na tatsarsa,
sahu bayan sahu, har sahun ƙarshe,
inda fili ya yi yawa, matsi ya faɗi,
aljihu ya yi fayau.

Nan ne abin da ya hana ni barci.
Sanyi ya kai inda ya kamata ya koma ruwa,
amma ya ƙi.
Ya cije, ya ƙetare iyaka riƙe da sunansa,
kamar mai cin bashi da ya gifta ƙofar kanti yana kallon sama.
Sai can gaba, tazarar ɗan yatsa,
kwatsam,
ɗigo dubun dubata, ba wanda ya kira wani,
duk suka faɗo duniya lokaci guda,
kowanne ya amayar da zafin da ya ɓoye.

Ƙanana ne, ido ba ya kama su.
Amma sukan kwanta a bayan ƙarfe, su haɗa kai,
su gangara baki, iska ta fizge su manya-manya,
su daki fiffike mai gudu.
Yau kaɗan, gobe kaɗan,
har bakin ƙarfe ya koma kamar ɓera ya gaigaye shi.
Ashe ruwa ma yana da haƙori.

Dakta Barau ya duba zanena ranar Laraba,
ya aza shi kan awon da wasu suka yi a wata ƙasa.
"Ɗigonki sun yi saurin haihuwa," in ji shi,
"da milimita biyu."
Milimita biyu!
Wata bakwai ina bin sawunsu.

Ran Juma'a na je Tudun Jukun.
Inna Kande na turara dambu,
ta liƙe bakin madambaci da tsumma da ƙullu.
Ta ɗaga murfi, ta karkata shi gefe
don kada guminsa ya zuba a tsaki.
Na ce, Inna, yaushe tururi ke zama ruwa?
Ta ce, "Sa'ad da ya rasa mai ɗumama shi."
Ta ce, "Miƙo min zogalen nan."

Yanzu layukan kuskure na sauka a hankali
kamar awaki daga kan Kufena.
Saura kaɗan su kwanta.
Sai ɗif.
An ɗauke wuta.

Na zauna cikin duhu ina dariya ni kaɗai.
Ina lissafin injin da ke haifar da lantarki,
lantarki ya tafi ya bar ni da lissafin.
Baba Gambo mai gadi ya hasko tocila ta taga:
"'Yar nan, ba dai kuka ba?"
A'a, Baba. Awa tara ce ta ƙone.

Da asuba na fito.
Kubanni na fitar da numfashi fari-fari,
sirdin kekena ya jiƙe sharkaf.
Ba wanda ya yanka daren nan ɗaki-ɗaki,
ba wanda ya gaya wa raɓa inda za ta sauka,
ba ta kuma kuskure ko da milimita ɗaya ba.

Na share sirdin da gefen mayafi.
In an kawo wuta, zan sake.