Watan da Rana Ta Ƙi Faɗuwa

Sha ɗayan dare, in ji agogo,
amma rana na zaune a bakin tafki
kamar baƙuwar da ta yi sallama sau uku ba ta tashi ba.
Aarre ya ce, "Mama, ai dare bai yi ba."
Me zan ce? Shaidarsa na tsaye a taga.
Na rataya bargon ulu a kan gilashi,
na ɗinka musu dare da hannuna,
Veikko ya zura yatsa ta wata 'yar ɓula
ya ciro haske, ya kama ni da ƙarya.

Bukkar katako ce ta kakarsu, arewa da Kuusamo.
Ba famfo, sai bokiti da tafki.
Ilmari ya ajiye tuƙin bas na mako huɗu
ya zo yana kokawa da injin kwalekwale
wanda ya girmi aurenmu,
ya kuma fi mu taurin kai, mu biyun a haɗe.

Cokali tara ne a gidan nan,
amma mai jan hannu kaɗai ke iya shan kunu.
A kansa ake yaƙin safe,
a kansa ake yanke zumunci har abada,
abadan da ba ta kai tafasar ruwan kofi.

Sauro kuwa ya karɓi harajinsa.
Veikko na ƙirga cizon ƙafarsa:
biyar, da biyar, da wata biyar,
don nan lissafinsa ya tsaya.

Na aike su daji tsinko 'ya'yan itace,
suka dawo da ƙoƙo fayau,
baki da harshe kamar an rina da shuni.
"Ba mu samu ba."
Ubansu ya juya baya, kafaɗarsa na rawa.

Ran Asabar muka hura ɗakin gumi.
Daga zafi sai tsalle cikin ruwa,
sai ihu, sai tsuntsaye su watse.
Ranar ce Aarre ya yi iyo har dutsen tsakiya.
Na tsaya ruwa iya gwiwa, tawul a hannu,
ina jiran ya waiwayo ya neme ni.
Bai waiwayo ba.
Na yi masa tafi da ƙarfi
don kada a ji abin da ya tsinke a ƙirjina.
Da yamma haƙorinsa ya maƙale a baƙin burodi,
ya kawo mini, jini kaɗan, ido ya cika.
To, ashe da saura.

Sai Agusta ta lallaɓo.
Wani dare muna wanke dankali a baranda
sama ta dusashe, itatuwa suka haɗe,
tafki ya rufe ido.
Shekara uku gare shi, Veikko,
ya manta akwai wani abu wai duhu.
Ya saki dankali. "Wa ya kashe?"

Kafin in buɗe baki,
wanda ya wuni yana ture shi,
wanda ya ɓoye masa takalmi tun Talata,
ya kama hannunsa:
"Ba a kashe ba, ta je barci ne.
Ga can ta bar mana ƙarama."
Tauraro ɗaya, a saman injin da har yau bai tashi ba.

Na sauke bargon daga taga, na lulluɓe su da shi,
kai biyu a matashi ɗaya, jan cokali a tsakani.
Hunturu zai zo, ya daɗe, mun san halinsa.
Yau dai yashi ne a gadona,
da ɓawon kifi a gashina,
da takalmi ɗaya, jiƙaƙƙe,
da wani ya dawo da shi bakin ƙofa
ba tare da ya ce komai ba.