Gumin Bango

Ni ne Jatau mai kwale-kwale uku,
ɗaya ya huje, biyu na ciyar da ni.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina zagayawa da baƙi a dam ɗin ƙauyenmu,
can bayan Kaciya, inda hanya ke ƙarewa
ruwa ya karɓa.

Ran Lahadi, da Sallah, da Kirsimeti,
motoci kan cika gindin mangwaro.
Asabe na juya karfasa a kasko,
masu waya na juya wa bango baya
su ɗauki kansu da faɗuwar rana.
Ba wanda ya taɓa cewa, kai ni in ga bayansa.

Ni na san bayansa.
Na san inda gara ta yi gini a kafaɗarsa.
Na san bagaruwar da ta tsiro ina saurayi,
yau kaurinta ya fi cinyata,
saiwarta kuwa Allah kaɗai ya san inda ta kai.
Akwai wani wuri can ƙasa, faɗin tabarma,
ciyawa kore shar a tsakiyar bazara,
awaki sun riga injiniya gano shi.
Da, ruwan da ke tsattsafowa garau ne kamar hawaye.
Bana na tara hannu, sai ga ja,
jar ƙasa kwance a tafina.
Na ce, to, bango ya fara zubar da naman jikinsa.

Marigayi Barau mai gadi
shi ke murɗa ƙarfen ƙofa duk farkon damina,
yana shafa masa baƙin mai yana yi masa hira.
Tun da ya rasu, tsatsa ce mai gadi.
Bara mu huɗu muka rataya a ƙarfen,
bai motsa ba, mu muka faɗi.
Sandar awo da ke tsaye cikin ruwa
lambobinta sun goge daga bakwai zuwa sama.
Yanzu da kututturen giginya muke awo:
in ya nutse, Larai ba ta barci.

Sun zo daga Kaduna, kar in yi musu ƙarya.
Farar mota, hulunan kwano, takardu.
Wata yarinya cikinsu ta durƙusa a wurin mai laima,
ta murza jar ƙasar tsakanin yatsu,
ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Ta tambaye ni gida nawa ne a ƙasa.
Na ce ban ƙirga ba, sunayensu na sani:
gidan Tanimu mai tumatir, gidan Bitrus kafinta,
firamare mai aji huɗu,
masallaci, coci, injin markaɗe,
da ɗakin da jikata ke kwana, kanta na kallon bango.
Ta rubuta. Suka sayi kifi, suka tafi.
Damina biyu ke nan.

Ba na zagin bangon nan.
Ya riƙe mana ruwa tun ban yi aure ba,
ya shayar da albasa, ya cika mana koma.
Tsohon ɗan dako ne, gumi na keto masa,
an ƙi sauke shi, an ƙi ce masa sannu.

Jiya da dare hadari ya haɗo ta gabas.
Na ɗauki tocila na hau.
Kwaɗi sun cika duniya da surutu,
ruwa na lasar dutsen da bai taɓa kaiwa ba.
Na haska ƙasa: rufin kwano shiru,
fitila ɗaya a gidan Bitrus.
Na kwanta na sa kunne a ƙasa kamar ƙaramin yaro.
Ban ji komai ba.
Shi ya hana ni sauka har asuba.

Da hantsi motar farko ta iso,
mutum da matarsa da 'ya'ya uku.
"Baba, nawa ne zagaye ɗaya?"
Na faɗa masa.
Na share musu wurin zama,
na tura kwale-kwale.