Sarƙa Saba'in da Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran injin jirgin fito
tsakanin Virtsu da tsibirin Muhu,
ban taɓa jin shakkar ƙarfe ba
sai ranar da Virve ta ajiye mini kwarashi a tebur,
ɗan siriri, kai a sunkuye kamar mai jin nauyin baƙo.

"Endel," ta ce, "ba sifana ba ce. Sassauta.
Riƙe shi kamar cokalin shayi."
Yatsuna masu kanta suka yi kunnen ƙashi.
Ulun ruwan toka ne, na tumakin ƙaninta,
bai gama rabuwa da warin garke ba.

Ƙulli ɗaya mai zamewa, shi ne mafari.
Naɗa, ja. Naɗa, ja.
Sarƙa saba'in da biyu, in ji ta,
kuma kada ta murɗe kafin ka haɗa baki da baki.
Na ƙirga na sami saba'in,
na sake, na sami saba'in da huɗu,
kyanwa ta gudu da dunƙulen ƙarƙashin kujera.
Na koma ɗaya.

Uku da rabi rana ta tattara komatsanta.
Haka Disamba take mana.
Teku ta fara daskarewa daga gefe
kamar kitse a bakin tukunya.

Don Triinu nake yi, jikata,
mai raba wasiƙu a kan keke tun da duhu.
Mayafin wuyanta mai jela ne,
iska ta ƙwace shi sau biyu,
sau ɗaya tayar baya ta cafke shi ta kayar da ita.
Na ce a yi mata marar jela,
zobe kawai, ta zura kai ta wuce.

"Tudun nan da kake gani ba asiri ba ne," in ji Virve.
"Kowane ido leɓe biyu gare shi.
Bar na gaba, soki na baya.
Wanda ka bari shi zai taso,
layi bisa layi, kamar gonar dankali bayan huɗa."

Wato abin da ka ƙyale
shi ke fitowa fili.

Shekara arba'in Salme tana wannan aiki a gefen murhu,
ni ina can bayan jarida.
Na san ƙarar kowane fistan cikin duhu,
amma ban taɓa ɗaga kai na ga
ta wane leɓe matata take soka ba.

A zagaye na biyar na hango ɓarna a na biyu.
Na ja zare, aikin dare uku ya zube a cinyata.
Ƙarfe in ya lanƙwashe sai wuta da guduma.
Ulu yana yafewa,
sai dai yakan dawo a nannaɗe,
alamar bai manta ba.

Daren na tara babban yatsana ya faɗa wani ɗan gurbi
a jikin kwarashin, inda fenti ya goge.
Washegari na tambaya.
Virve ta daɗe tana juya kofinta.
"Nata ne," ta ce. "Aro ta ba ni. Ban samu na mayar ba."

Zagaye goma sha shida, na yanke zare,
na ɓoye bakinsa a ciki kamar yadda aka nuna mini.
Gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi.
Akwai rami da ɗan yatsa zai shige.

Triinu ta zura kai, ta ja shi har hanci.
"Kaka, yana ƙaiƙayi," ta ce.
Ba ta cire ba.

Na tsaya a taga har jar fitilar kekenta
ta shige cikin dusar ƙanƙara.
Ulun da ya rage bai fi ƙwai ba.
Na zauna a kujerar gefen murhu,
wadda ba tawa ba,
na yi ƙulli mai zamewa.