Takalmin Birki

Tun daga shataletalen Ƙofar Ƙaura take kuka,
kukan ƙarfe na cin ƙarfe,
har mai lemu ya toshe kunne.
Mannir bakanike ya yanka kuɗi,
na shafa aljihu, aljihu ya yi gum.

Asabar da hantsi, a gindin darbejiya,
na sa dutse bayan taya,
na ɗaga ta da jak ɗin aro.
Noti huɗu suka biyo ni salin-alin.
Na biyar ya rantse sai ya ga jinina,
ya kuwa gani.

Ga takalmin birki a tafin hannuna,
ya suɗe kamar sabulun ƙarshen wata.
Faifan duk zane,
kowane zane wata tsayawa ce:
akuyar Batagarawa,
ramin hanyar Mashi,
yaron nan mai keke da ko waiwayowa bai yi ba.
Shekara shida ina yabon inji,
ban taɓa gode wa mai tsayar da ni ba.

Na kankare tsatsa,
na zaunar da sabon faifai.
Rumasa'u na kujerar direba,
da ƙyar ƙafarta ke kaiwa.
"Taka." Ta taka. "Ƙara."
"Baba, ya yi tauri!"
Haka ake so, 'yar nan.

La'asar sakaliya na gwada ta a layinmu.
Ta tsaya cak, ko uffan.
Sai ga Rumasa'u a guje
da wani lanƙwasasshen ɗan ƙarfe:
"Wannan fa, na ina ne?"

Na sake ɗauko dutsen.