Mai Jan Labule

Ni ba ni da magana a wasan.
Rabona igiya ce da ƙusa biyu,
da labulen da muka ɗinka da buhunan taki tara,
muka kai marina, ya dawo baƙi wuluk,
amma in fitila ta haska shi ta baya
har yau kana iya karanta sunan kamfanin.

Tsohon sito ne, bayan tashar jirgi a Ƙauran Namoda,
inda dogo ya zo ya tsaya, ya ce iyakata ke nan.
Kakana ya yi dakon gyaɗa a ɗakin nan.
Ni dakon dariya nake, Asabar bayan la'asar,
naira ɗari a bakin ƙofa,
yara kyauta, in sun ɗauko benci.

Nomau mahauci shi ne alƙali.
Yakan zo da maiƙo a hannun riga,
ya naɗa rawanin aro, ya gyara murya,
sai ka ga waɗanda suka ci tsirensa bashi
sun sunkuyar da kai.
Malama Tsahara ta asibitin haihuwa ke yi mana kuka.
Ta ce na gaskiya tun asuba take jin sa,
wannan hutu ne.
Hakilu ɗan kabu-kabu likita ne,
da abin awon ƙirji na tiyon babur.
Bai taɓa haddace abin da aka rubuta masa ba,
kullum ƙagowa yake, kullum ya fi na takarda.

Sai Barmo.
Barmo gawa yake yi.
Shekara shida yana mutuwa duk mako,
kwance a tabarma, farin yadi har goshi,
ƙuda na kiwo a babban yatsansa, ko gezau.
Sau ɗaya tak ya yi atishawa.
Wata tsohuwa can baya ta ce, "Yarhamukallahu, mamaci!"
Alƙali ya cusa rawani a baki,
kwanon sito ya kusa tashi.

In na saki igiya na sake ja,
sai ya miƙe, ya kakkaɓe likkafani, ya rusuna,
tafinsa ya fi na masu rai.
Yakan ce mini,
"Ɗan'ige, kai ka tashe ni, kak ka makara."

Wata Alhamis ya hau motar kasuwar Shinkafi
da buhun tattasai biyu.
Bayan kwana uku aka jawo motar,
ba gilashi, ba tattasai.
Ba a ce ya mutu ba.
Ba a ce yana nan ba.
Wayarsa dai na cewa a sake gwadawa an jima.

Nomau ya ce a rufe sito.
Tsahara ta ce in an rufe, to sun ɗauke mu duka.
Muka yi shiru, muka share daɓe.
Amma babu wanda ya yarda ya kwanta a tabarmar.
Filo biyu muka jera da taɓarya,
muka rufa yadi.

Ana tsaka da shari'a janareta ya yi tari ya mutu.
Ban ji wanda ya tashi ba.
Waya ɗaya ta kunna, sai biyu, sai ɗakin duka,
kamar an zubar da kwandon taurari a benci.
A hasken nan Tsahara ta durƙusa gaban filo
ta yi kukanta,
kuma ranar ba hutu ba ne.

Har yanzu muna yi, sai dai mukan tashi da sauran rana
saboda mutanen ƙauye su isa gida.
Wajen rusunawa, tsakanin alƙali da likita,
akwai gurbin mutum guda.
Ni kuwa na ɗauki wani hali:
in wasa ya ƙare nakan riƙe igiya, in ɗan dakata,
in kasa kunne wajen tabarma,
ko za a yi atishawa.