Wadda Ta Buɗe Ƙofa

Shekara talatin da ɗaya na yi a Porto,
a ɗakin sama, daura da gadar ƙarfe,
ina buga wa maza littattafansu da tafireta.
Ladan shafi guda bai sayen kifi biyu.

Jarumansu kamar uwa ɗaya ta haife su:
mutum a ɗakin haya, da taba, da madubi,
yana tonon kansa kamar mai haƙar rijiya.
Ni ne. A'a, ba ni ba ne. To wane ne ni?
Yaƙi na cin rabin Turai a bayan tagarsa,
shi kuwa ciwon haƙorinsa ya cinye babi uku.
Haruffan da ke cewa "ni" a harshenmu
su suka fara gogewa daga kan maɓallai.
Sau biyu ina kiran mai gyara.

Anselmo Barrosa ya fi su iya abin.
Shafi ɗari huɗu, mutum ɗaya cikin ruwan sama
yana bin bakin Douro, yana tambayar ko akwai shi.
Ni kuwa ina tambaya: wa ke shanya masa rigar?
A shafi na tara wata mata ta buɗe masa ƙofa.
A na casa'in ta ajiye kofi, ta fita.
A na ɗari uku aka ce tsohuwar ta rasu,
sai ya lura da hasken yamma a kan takalminsa,
ya yi masa shafi biyu da rabi.

Daren nan barci bai ɗauke ni ba.
Da safe na raɗa mata suna,
kalma guda tsakanin waƙafi biyu: Zulmira.
Ya duba gyaran har sau biyu, bai gani ba.
Haka aka buga.
Masana suka yi ta zuba tawada
kan kaɗaicin ɗan Adam a wannan ƙarni,
ba wanda ya tambaya ko ƙafar Zulmira na kumbura
don hawan benen nan da tire a hannu.

Na daɗe ina lasar zumar wannan sata.
Na ba da labarin a gidan biki, na ba da a gidan makoki,
na ba mai burodi, na ba direban tasi,
kowane karo ina ƙara masa gishiri,
kowane karo ni ce a tsakiya, fitila a kaina:
Deolinda, wadda ta ga abin da marubuci bai gani ba.

Yanzu ina tamanin da huɗu, yatsu sun karkace.
Wata yarinya daga tsibiran Cabo Verde
ke zuwa da sassafe, da miya a kwano,
ta yanke mini farce, ta sauya zanen gado.
Wata goma sha ɗaya ke nan.
Ta ji labarin Zulmira ya fi a ƙirga,
tana murmushi daidai inda ya kamata.

Jiya likita ya zo, ya ce wa ke ba ni magani.
Na ce yarinyar.
Ya ɗaga alƙalami. Sunanta fa?

Tana bakin taga tana matse tawul.
Ba ta waiwayo ba.
Na ji ruwan na ɗiga cikin kwano, ɗis, ɗis,
har sai da ita ta faɗa masa da kanta,
a hankali, harafi bayan harafi,
kamar wadda ta saba.

Ashe laifi tudu ne.
Shekara nawa ina tsaye a kan nawa, ina hangen na Anselmo?

Yau ta zo, ta rataye rigar sanyi.
Na ce, Edmeia. Ta ɗago kai, tana jira.
Na buɗe baki in tambaye ta ko tana da uwa, ko tana da ɗa,
sai na ji kaina
ina ba ta labarin gwiwata.